Shin Akwai Sauran Zinariya a Ƙasar Gana?

Masu zuba jari sun rabu biyu. Wasu sun ce duk wurin kirki an riga an gano shi. Tun 1897 ake haƙa a Obuasi, yanzu sai dai a ƙara zurfi, zurfi kuwa kuɗi yake ci.

Wasu kuma suna nuna Namdini, kusa da Bolgatanga, can arewa inda manyan kamfanoni suka daɗe ba su waiwaya ba. Kamfanin Cardinal ya yi binciken, Shandong na ƙasar Sin ya saye shi a 2021, aka fara narka zinariya a 2024.

A ganinmu na biyun sun fi hujja. To amma 'yan'uwa na zango, in an ce ku kawo kuɗi a sayi fili, ku fara tambaya: wa ya huda dutsen, ina sakamakon awonsa?