Uwargida A Ƙasar Japan

'Yan uwana mata, duk wadda maigidanta ya tafi da ita Japan wajen karatu ko aiki, kada ta kulle kanta a ɗaki tana kewar tuwo.

Abincin Japanawa shinkafa ce mai danƙo, da kifi, da miyar miso. Akwai kuma natto, waken soya ne da ake bari ya ruɓa kamar daddawa, har yauƙi yake yi. Wadda ta tashi da miyar kuɓewa ai ba za ta yatsina fuska ba. Amma fa a lura, suna zuba mirin a girki, giyar shinkafa ce. Romon taliyar ramen kuwa sau da yawa na ƙashin alade ne. Ki tambaya kafin ki kai baki. A babban masallacin Tokiyo, wanda aka sake ginawa a 2000, akwai kantin kayan halal.

In an gayyace ki gida, ki tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Kada ki kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, mamaci ake yi wa haka.

A ƙarshen Maris ki kwashi yara ku je kallon furen sakura, don ba ya wuce mako biyu yake kakkaɓewa.