Yadda rufe makarantun kwana ya shafi ɗaliban ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo

A watan Disambar 2020, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 a Jihar Sakkwato. Cikinsu har da Kwalejin 'Yan Mata ta Gamji da ke Rabah, da sakandaren gwamnati ta Gandi, da ta Goronyo. Aka ce a haɗe ɗalibansu da na wasu makarantu kafin al'amura su daidaita.

Ba wanda zai ga laifin matakin. Tun a watan Yulin 2018 'yan bindiga suka yi kisan gilla a Tabanni da ke gundumar Gandi, sannan a Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, suka kashe mutum sama da 40. Uban da ya ji waɗannan labarai ba zai iya barci ba alhali 'yarsa na kwana a makarantar da ke bakin daji.

Amma a wannan yanki ɗakin kwanan ɗalibai ba ado ba ne. Firamare kan samu a kusan kowane babban ƙauye, ita kuwa babbar sakandare sai a gari. Yaron da gidansu ke cikin Wurno ko Goronyo zai iya tafiya makarantar jeka-ka-dawo da ƙafa. Wanda ya taso a ƙauyen fadamar Rima fa? Ko dai a biya masa kuɗin kabu-kabu kullum, ko a nema masa masauki wurin dangi, ko ya haƙura. Da damina ta sauka, ruwa kan yanke wasu hanyoyin ma gaba ɗaya.

Ga kuma gona tana kira. Ƙasar Wurno ta yi suna wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa, madatsar ruwan Goronyo kuma ta sa noman rani ya kankama. Ɗan kwana yana nesa da wannan aiki har hutu ya zo. Wanda ke gida kuwa, ranar dashe ko cirar albasa, aji ne ke jiransa, ba gona ba.

'Yan mata su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Iyaye da dama da suka yarda 'yarsu ta zauna a Rabah, inda za su iya leƙa ta ranar ziyara su dawo kafin magariba, ba lallai su yarda a kai ta birnin Sakkwato ba. Idan ta zauna gida zango ɗaya ko biyu, maganar aure ce ke biyo baya.

Tsarin mulkin makarantun ma na da nasa gibin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatun shekara tara kyauta kuma dole, wato firamare da ƙaramar sakandare, kuma kowace ƙaramar hukuma na da sakataren ilimi da ke kusa da jama'a. Babbar sakandare kuwa tana hannun gwamnatin jiha. Saboda haka yarinyar da ta gama aji uku ba ta ci gaba ba, da wuya a samu ofishin da aikinsa ne ya bi sawunta. A ganina, kafin a yi maganar sabbin gine-gine, wannan lissafin ya kamata a fara yi, ƙauye bayan ƙauye.

Abin lura, ɗan Rabah mafi shahara, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, barin gida ya yi ya je karatu Sakkwato, daga nan Kwalejin Katsina, ya koyar, kafin ya dawo ya zama hakimin garin a 1934. Kirarinsa na Gamji shi ne sunan da kwalejin 'yan matan ke ɗauke da shi.