Zafin Inji da Ƙonewar Gaskit a Tsofaffin Motoci

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, ba zai rasa ganin tsohuwar mota a gefen titi ba, an ɗage bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun watsu neman inuwa, idan kuwa aka kira bakanike, galibi hukuncin da zai yanke shi ne, "Gaskit ya ƙone." Alhali kuwa ga mai lura da idon basira, wannan ƙonewa sakamako ce ta sakacin da ya daɗe yana taruwa a hanyoyin ruwan inji.

Shi gaskit wani siririn faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin gangar jikin inji da kansa, wanda makanikai ke kira top silinda, an kuma ɗora masa nauyin raba abubuwa uku waɗanda bai halatta su gauraya ba, wato wutar da ke tashi bisa fistan, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. A mota irin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, gangar jikin ta baƙin ƙarfe ce, kan kuwa na alminiyon. Da yake kuma ɗabi'ar alminiyon ce ya buɗe da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, da zarar zafi ya ƙetare haddi sai kan ya karkace, matsi ya sassauta, wuta ta sami kafar cin gaskit.

Sabubban zafin nan sanannu ne, kuma mafi yawansu aikin hannunmu ne. Ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto yakan bar tsatsa da ƙasa-ƙasa masu toshe siraran bututunsa daga ciki, ƙurar hunturu kuma ta toshe shi daga waje, alhali ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Murfin lagireto ma, wanda ake rainawa har a maye gurbinsa da tsumma, akwai hikima a cikinsa, domin matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120, ga shi kuwa inji yana aikinsa ne a wajejen digiri 90. Haka nan fambel da ya saki, da tiyon da ya tsage, da famfon ruwa da ya gaji, duk kan jawo zafi; cire tamostat kuwa, wanda ya zama al'ada a garejinmu, yana ɓoye illa ne kawai ba tare da ya kawar da ita ba.

Alamomin ƙonewar gaskit ba sa ɓuya ga mai kula: farin hayaƙi mai yawa daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, da ruwa mai raguwa ba tare da an ga yoyo ba, da kumfa mai tasowa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar shayi mai madara. Idan allurar zafi ta hau, wajibi ne direba ya tsaya nan take, kada ya buɗe murfi sai inji ya huce, kada kuma ya kwarara masa ruwan sanyi, domin hakan na iya tsaga ƙarfen.

In har gyara ya zama dole, to, a gwada fuskar top silinda, a kai a goge ta idan ta karkace, a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe bisa ma'aunin da masu ƙira suka ƙayyade, sa'an nan a binciko abin da ya haddasa zafin tun farko. Gama wanda ya sa sabon gaskit ya bar lagireto a toshe ya yi almubazzaranci da dukiyarsa, in kuwa direban haya ne, ya yi wasa da amanar rayukan da ya ɗauko.