Iskar Oksijin Mai Matsi da Raunin da Ya Ƙi Warkewa Bayan Tiyatar Sankarar Mama

Wata matar an cire mata ƙari a mama, an yi mata gashi, likita ya tabbatar sankara ta tafi, amma wajen aikin ya ƙi lafawa. Wani lokaci fatar da aka ɗinke ce ke yin baƙi cikin 'yan kwanaki saboda jini bai isa gare ta ba. Wani lokaci kuma sai bayan watanni ko shekaru naman ya taurare kamar ƙirgi, ya riƙa zogi, domin hasken gashin ya lalata ƙananan jijiyoyin jini. Nama in ba jini, ba oksijin, kuma rauni ba ya haɗewa sai da shi.

A nan ne ake kawo maganar ɗakin matsin iska. Ana shigar da majinyaciya wani ɗaki na ƙarfe ko doguwar kwalba, a ƙara matsin iskar ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na wanda muke ciki, tana shaƙar oksijin zalla. Dubi kwalbar lemo: matsi ne ke sa gas ya narke a ruwan. Haka oksijin ke narkewa a ruwan jini, ya ratsa inda jajayen ƙwayoyin jini suka kasa kaiwa, kuma maimaita hakan na sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Tun 1960 likita Ite Boerema na Amsterdam ya nuna aladun da aka kusa raba su da jajayen ƙwayoyin jininsu sun rayu a irin wannan ɗaki.

Sai dai aikin ba na raggo ba ne. Zama ɗaya yakan kai awa biyu, kwana biyar a mako, sau 30 zuwa 40. A binciken da aka yi a Utrecht ta ƙasar Holan, wanda mujallar JAMA Oncology ta buga a 2024, mata 125 aka yi wa tayin maganin, amma 31 kacal suka karɓa suka kammala. Yawancin sauran sun ce wahalar zirga-zirgar ta yi musu yawa, kuma wannan a ƙasar da jirgin ƙasa ke kai mutum kusan ko'ina. Da aka lissafa duk waɗanda aka yi wa tayin, taurin nama ya ragu, zogi kuwa bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Waɗanda suka daure har ƙarshe su ne suka samu sauƙin duka biyun.

Kumburin hannu da ke biyo bayan cire kaluluwar hammata fa? Gwajin da aka yi a Ingila, aka buga a 2010, bai ga amfanin maganin a nan ba. Sankarar kanta ma ba ya kashe ta. Duk mai tallarsa a matsayin maganin sankara, kuɗi yake nema.

Maganin yana da nasa illolin: toshewar kunne da ciwo, gajiya, raunin gani na 'yan makonni, da farfaɗiya a wasu ƙalilan. Ba a saka wadda iska ta taru a gefen huhunta, kuma dole a gaya wa likita magungunan sankarar da aka yi amfani da su, musamman bleomycin. Saboda gobara kuwa, ba a shiga da waya, ko turare, ko man shafawa.