Sabuwar Sifikar Jita Ma Sai An Hore Ta

Jama'a, kar ku yi irin gangancina. Ranar da na sayo sabuwar sifikar jita, a ɗakina nan Unguwar Gano na ƙure mata murya. Sauti ya fito a bushe, har na ce an cuce ni. Ashe takardar sifikar da abin da ke riƙe da ita ne da tauri, kamar sabon takalmi. Sai sun sha motsi suke laushi.

Ka fara a hankali, minti 10. Sannan ka ɗaga kaɗan, ka ƙara bes, ka yi ta kaɗa tsirkiyoyi masu kauri. Ni dai wajen awa 20 sautin ya buɗe. In ka ji tana kakari, rage maza, kar koyil ya ƙone kuɗinka su tafi a banza.