Gargaza da Danginta a Akwatin Gilashi: Shirya Mazauni da Dashen Tsiro



Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne akwatin nan na gilashi da ake cika wa ruwa, a sa kifi mai rai a ciki, domin a riƙa kallonsa a ɗaki ko ofis ko aji. Turawa suna kiransa akwariyam, kalmar da ta bazu bayan da wani masanin halittu ɗan Ingila, Philip Henry Gosse, ya sa ta a sunan littafinsa cikin 1854, watau shekara guda bayan buɗe ɗakin kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan. Mu a nan, akwatin kifi za mu ce masa.

Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan sha'ani ne na Turawa da masu hannu da shuni. To, amma kifayen da ke cikin waɗanda suka fi farin jini a wannan sha'ani 'yan Afirka ne, kuma 'yar'uwarsu ta jini tana nan a madatsar ruwa ta Shagari, ana kuma soya ta a kasuwanninmu. Ita ce gargaza, wadda Kanawa ke ce wa karfasa. Manufar wannan lacca guda ce: duk mai son shirya wa wannan dangi mazauni, wajibi ne ya bi halin kifin tukuna, sa'an nan ya bi sha'awar idonsa.

Dangin da Halinsa

Masana suna kiran wannan dangi sikilid. An bayyana fiye da iri 1,600 daga cikinsa, kuma mafi yawansu suna cikin manyan tafkuna uku na Afirka ta Gabas. A Tafkin Malawi kaɗai ana ƙiyasta akwai aƙalla iri 700, a Tanganyika kimanin 250, a Biktoriya kuwa an taɓa samun wajen 500. A namu gulaben na Afirka ta Yamma irinsu bai kai haka yawa ba, amma halinsu ɗaya ne.

Halin nan kashi uku ne, kuma duk Basarken da ya daɗe yana jefa birgi ya san su. Na farko, kifi ne mai kishin wuri: namiji yakan zaɓi fegi ya tsare shi, ya kori duk wanda ya kusato. Na biyu, mai haƙa ne: yakan ɗebi rairayi da baki ya tofar gefe, har ya yi rami kamar akushi, inda zai jawo mace ta yi ƙwai. Na uku, mai reno ne. Gargazar da aka fi kiwo, wadda masana ke danganta wa Kogin Nilu, uwa ce ke kwashe ƙwai ta riƙe a baki har wajen mako biyu, ba ta cin kome, kuma ko bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan kan ruga su koma bakinta in sun ji tsoro. Akwai wata mai jan ciki wadda ba ta yin haka. Ita a kan dutse ko cikin rami take zuba ƙwai, uwa da uba su yi gadi tare, kuma ita ce gwanar cin ciyawar ruwa. Bisa wannan bambancin reno ne masaniyar nan Ethelwynn Trewavas ta dogara wajen rarraba gargaza gida-gida a babban littafinta na 1983.

Kowane ɗaya daga cikin halayen nan uku yana da hukunci a kan yadda za a jera kaya a akwati.

Zaɓen Mazauni

Kafin a sayi kome, sai mutum ya yanke shawarar wane ruwa zai kwaikwaya. Kifayen Malawi masu launin shuɗi da rawaya, waɗanda mutanen bakin tafkin ke kira mbuna, a tsakanin duwatsu suke zaune suna kankarar gansakuka; gidansu tarin dutse ne, tsiro kaɗan. A Tanganyika akwai wasu ƙanana, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, da ke zama cikin kwanson katantanwa; su rairayi da kwanso suke bukata. Namu na gulbi kuwa sun saba da laka da saiwa da inuwar bado.

Ruwan ma ya bambanta. Kowace mai tuwo ta san kanwa na kashe tsami, to haka masana ke auna ruwa, da ma'auni mai lamba daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa. Ruwan Malawi yakan kai wajen 8, na Tanganyika yakan doshi 9, alhali kifayen gulbi sun fi sakewa kusa da 7. Saboda haka ba a gwama su a akwati guda. Ga mazaunin Boɗinga ko Shagari, abin da ya fi sauƙi da araha shi ne ya fara da na gida, domin ruwansa da zafin garinsa su ne waɗanda kifin ya gada.

Girman akwati shi ne na gaba. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 40, zurfi 45, yana cin lita 216. Lita guda kilo guda ce, don haka in an haɗa da dutse da gilashi nauyin ya haura kilo 250. Teburin ofis ba zai ɗauka ba. Sai dakali ko ƙarfe mai ƙwari, a wurin da rana ba ta dukansa kai tsaye. Tsawo ya fi zurfi amfani, domin a ƙasa ake rabon fegi.

Dutse da Rairayi

Ƙa'ida ta farko ita ce a fara aza dutse a gindin akwati bisa shimfiɗar roba, sa'an nan a zuba rairayi kewaye da shi. Wanda ya aza dutse a kan rairayi ya manta da halin haƙa: kifin zai rarake ƙarƙashinsa, dutse ya gangaro ya danne shi ko ya fasa gilashi. Rairayin ya zama mai laushi, wankakke sarai, kaurinsa kamar santimita 4, domin tsakuwa mai kaifi tana yi wa bakin mai haƙa rauni.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a tsare ido. Namijin da ke hangen abokin gabansa daga wannan kusurwa zuwa waccan ba zai huta ba sai ya kashe shi. Saboda haka a yi tarin dutse biyu ko uku, da fili a tsakani, yadda kowa zai sami zagaye kamar yadda ake raba sassa a gidan gandu. Maɓoya kuma su fi kifayen yawa, domin raunana da uwa mai goyon baki su sami inda za su fake. Sabuwar tukunyar ƙasa da aka fasa gefenta, aka goge kaifin, kogo ce da babu kamarta. Game da mbuna, an saba sa namiji guda ga mata uku ko huɗu, don kada fitinarsa ta taru a kan guda.

Ba kowane dutse ne ya dace ba. Ƙasar Sakkwato tana da arzikin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti. Wannan dutse yana narkewa sannu a hankali yana ƙara wa ruwa kanwa, don haka alheri ne ga kifayen Malawi da Tanganyika, amma ba a cika wa na gulbi akwati da shi. Gane shi ba wuya: a ɗiga masa ruwan lemun tsami, in ya yi 'yar kumfa, to shi ne. A guji dutse mai tsatsa, da mai fenti, da ɗanyen itace.

Dashen Tsiro

A nan ne mafi yawan masu farawa ke yin hasara. Mutum ya dasa tsiro mai taushi da maraice, da safe ya tarar an cinye rabi, an tumɓuke saura. Dabara uku ce ke magance wannan.

Ta farko, a zaɓi tsiro mai taurin ganye. Akwai wani ɗan asalin kurmin Afirka ta Yamma da ake kira anubiyas, wanda ganyensa ke da kauri, kifi bai cika damuwa da shi ba, kuma ba ya son haske mai yawa. Ba a binne gindinsa, domin ruɓewa yake yi. Ɗaure shi ake yi da zare a jikin dutse har saiwarsa ta kama. Ta biyu, tsiron da dole sai an binne shi, kamar balisneriya mai dogon ganye irin na albasa, wadda ke fitowa a Malawi da Tanganyika, sai a dasa shi cikin ɗan kasko, a rufe bakin da manyan tsakuwa. Haka za a yi wa ƙaramin bado. Ta uku, a yi amfani da mai yawo a bisa ruwa. Ba banza Bahaushe ya yi wa kainuwa kirari da dashen Allah ba: ba ta da gindin da za a tumɓuke, tana ba da inuwa, tana kuma tsotse dattin ruwa. Sai dai a riƙa rage ta, kada ta rufe fiye da sulusin fuskar ruwan. Amma wanda ya ajiye gargaza mai jan ciki, ya san duk abin da ya dasa abinci ya ba ta.

Akwai gargaɗi mai nauyi ga wanda zai ɗebo tsiro daga madatsa ko tafki ko fadama. Ƙananan katantanwa da ke manne da ganyen su ne masaukin ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke fita daga jikinsu ta ratsa fatar mutum a cikin ruwa. Kada a tura yara ɗebowa. A sa safar roba, a tsince katantanwa da ƙwansu, a ajiye tsiron a wani baho dabam na mako biyu ana dubawa kafin a kai shi akwati.

Ruwa da Yanayinmu

Bayan an jera kaya an cika ruwa, sai haƙuri. Kashin kifi yana zama guba mai suna amoniya, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke sarrafa ta a cikin matacin ruwa. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6, don haka da kifi kaɗan ake farawa. Daga nan a riƙa sauya rubu'in ruwan kowane mako, da ruwan da ya kwana a buɗe domin maganin famfo ya fice.

Wannan dangi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. A watan Afirilu zafinmu kan haura 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas. Maganin shi ne rage yawan kifi, da tanadin famfon iska mai batir. Da hunturu kuwa a rufe akwatin da bargo da dare. Kada kuma a fesa maganin sauro a ɗakin, domin ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe kifi.

Kammalawa

Saura magana guda. Gargaza tana girma, takan wuce santimita 30. In ta fi ƙarfin akwati, sai a mai da ita kududdufin kiwo ko tukunyar miya. Amma baƙon kifi ko baƙon tsiro, ko kusa kada a sake shi a Gawon Gulbi ko wani ruwa namu. Giwan ruwa, wadda ake alfahari da ita a bikin Argungu, an kai ta Tafkin Biktoriya a shekarun 1950. Da ta yawaita a shekarun 1980, ita da gurɓacewar ruwa suka haɗu suka shafe kimanin iri 200 na dangin gargaza, waɗanda babu su a ko'ina cikin duniya sai can.

Ina kira ga malaman makarantu da jami'an gona na Boɗinga da Shagari da su gwada akwati guda a makaranta guda. A gayyato Sarkin Ruwa ya faɗi sunayen kifayen da halayensu, ɗalibai su rubuta, sa'an nan su zauna gaban gilashi su gwada abin da ya faɗa da abin da idonsu ya gani. Yaron da ya taɓa ganin uwa ta buɗe baki 'ya'yanta sun shige, zai fahimci dalilin da ya sa ake hana kamun kifi da koma mai ƙananan idanu a lokacin haihuwa.