Idan Manhaja Ce Ke Zaɓar Wa Zai Zauna da Wa a Ofis

A rajistar ma'aikata ta kowane babban kamfani akwai wani ɗan gurbi da ba kowa ke kula da shi ba, wato inda ake rubuta sunan wanda ma'aikaci yake ƙarƙashinsa. Shekara da shekaru amfaninsa bai wuce a san wa zai sa hannu a takardar hutu ko ya cike fom ɗin ƙarin girma ba. Yanzu an ɗora masa wani sabon nauyi. Manhaja ce ke karanta shi, ta tattaro duk waɗanda ke ƙarƙashin manaja guda, ta buɗe musu zauren tattaunawa da ma'ajiyar fayiloli ba tare da kowa ya roƙa ba. In aka yi wa mutum canjin wurin aiki, sai ya wayi gari an fitar da shi daga tsohon zaure an shigar da shi sabo.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a kayan Microsoft. Rajistarsu ta masu amfani, wadda ake kira Azure Active Directory kafin a sauya mata suna zuwa Entra ID a 2023, tana bai wa jami'in kwamfuta damar rubuta ƙa'ida mai layi ɗaya: duk wanda aka rubuta wane a matsayin manajansa, ya shiga wannan rukuni. Ana iya ɗaura rukunin a kan manhajarsu ta tattaunawa, Teams, sai ya zama zaure. Google Workspace ma yana da rukunoni masu cika kansu daga bayanan ma'aikata. Su kuwa bayanan, a manyan kamfanoni, galibi daga manhajar sashen kula da ma'aikata suke kwararowa, irin su Workday ko SAP SuccessFactors. Ke nan akawun da ya buga sunan manaja a can, shi ne ya buɗe ƙofa a nan, ko da bai san ya yi ba.

Ƙa'idar ta Microsoft tana da iyaka. Waɗanda ke ƙarƙashin manaja kai tsaye kaɗai take ɗauka, ba ta gangarawa zuwa yaran yaransa, kuma sai an sayi lasisi na musamman. Sannan da zarar zaure ya koma mai cika kansa, mai zauren ba ya iya ƙara wani ko cire wani da hannunsa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba manajoji mamaki ranar da suka fara cin karo da shi.

Abin da ya haifar da wannan yayi a bayyane yake: yawa. A watan Nuwamba na 2019 masu amfani da Teams a kullum miliyan 20 ne. Zuwa Afrilu na 2020, da korona ta kulle mutane a gida, sun kai miliyan 75, bayan shekara guda kuma miliyan 145. A cikin wannan rububi kowa ya buɗe zaurensa. Sashe ɗaya sai a tarar yana da zaure uku masu kusan suna ɗaya, wanda ya buɗe biyu daga ciki ya bar aiki tuntuni, babu wanda ya san wanne ne na gaske. Jami'an kwamfuta suka gaji da saƙon "a saka ni" da "a cire wane". Masu binciken tsaro kuma suka riƙa tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: su wa ke iya ganin wannan fayil, kuma wa ya ba su izini? In aka ce rajista ce ta ba su, an samu abin nunawa. Kada kuma a manta da masu sayar da manhajar. Zauren da aka buɗe wa kowa da kowa yana ƙara alƙaluman amfani, alƙaluman nan kuwa su ake bajewa a tebur ranar sabunta kwangila.

Amfanin gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi aiki a ofisoshinmu ya san ciwon da ake neman magancewa. A nan guruf ɗin WhatsApp ne ke riƙe da ofis. Admin ya yi ritaya bai miƙa wa kowa ba, wanda aka sallama watanni da suka wuce yana nan yana karanta komai, sabon ma'aikaci kuma sai ya yi sati biyu kafin wani ya tuna ya saka shi. Tun da Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, banki ko kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji da ke barin bayanan mutane suna yawo a irin wannan guruf tana wasa da wuta. Zauren da ke rufe ƙofa da kansa idan an rufe asusun ma'aikaci ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Sai dai manhaja ba ta san gaskiya ba, abin da aka rubuta ta sani. Gurbin manaja suna ɗaya tak yake ɗauka. To, ina za a sa injiniyan da albashinsa ke fitowa daga sashen gyara amma wata shida ke nan yana aikin wani shiri na daban? Ina za a sa mai riƙon ƙwarya, wanda kowa ke kai wa fayil amma takardarsa ba ta fito ba? Wanda aka ba da aronsa ga wata ma'aikata fa? A takarda suna wuri ɗaya, a zahiri suna wani.

A ce an yi kuskure wajen shigar da sunan sabon direba, aka rubuta shi ƙarƙashin shugabar sashen kuɗi maimakon shugaban sufuri. Da can wannan kuskure zai kwanta a fayil har sai ranar da ya nemi hutu. Yanzu cikin 'yan sa'o'i zai tsinci kansa a zauren sashen kuɗi, kuma a tashoshin Teams na gama-gari sabon shiga yana ganin duk hirar da aka yi kafin zuwansa, har da fayilolin da aka ajiye. Jadawalin albashi, sunayen waɗanda ake shirin ragewa, duk suna gabansa a waya. Shugabar sashen ta gan shi, ta nemi ta cire shi, babu dama. Sai ta rubuta wa sashen kula da ma'aikata su gyara rajista, ta zauna jira. Ƙasa irin Nijeriya da sai da ta ƙirƙiro tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 don ta san ma'aikatan gaske da na bogi ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan yadda rajista ke rabuwa da gaskiya.

Amma ko da rajistar ta yi daidai ɗari bisa ɗari, akwai matsalar da ta fi wannan zurfi. Taswirar shugabanci ba don nuna yadda ake aiki aka ƙirƙire ta ba. Wadda ake yawan ambata a matsayin ta farko, ta Daniel McCallum ce ta kamfanin jirgin ƙasa na New York and Erie wajen 1855, kuma damuwarsa ita ce a san wa za a tuhuma in abu ya lalace a kan layin dogo. Irin wannan taswira tana nuna wa ke ba da umarni, ba ta nuna wa kake kira idan kwamfuta ta ƙi ko kwastoma ya fusata. David Krackhardt da Jeffrey Hanson sun nuna haka a mujallar Harvard Business Review tun 1993: a bayan taswirar akwai wata hanyar shawara da amana da ma'aikata suka shimfiɗa da kansu, kuma ta nan yawancin aiki ke bi.

Wani bincike da aka buga a Nature Human Behaviour a 2021 ya bi sawun ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka a watanni shidan farko na 2020. Ya gano cewa da aka koma aiki daga gida, kason lokacin da mutane ke yi da abokan aiki na wasu sassa ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Binciken a kan aiki daga gida yake, amma darasinsa ya shafi batunmu kai tsaye. Mutane dama suna karkata ga 'yan sashensu idan aka raba su da haɗuwar baranda da wurin cin abinci. Idan kuma manhaja ta gina wa kowa zaure da 'yan sashensa kaɗai, ta ƙara wa katangar tsawo ne. Haɗin da ya fi wuyar samuwa, na tsakanin mai sayarwa da mai lissafi da mai gyara, shi ne wanda babu ƙa'idar da za ta samar.

Ga kuma oga a kowane zaure. Tunda da sunansa aka gina shi, zauren nasa ne. A wurinmu, inda ƙarami ba ya musa wa babba a bainar jama'a, an san abin da zai biyo baya: manaja ya sa sanarwa, sai "an gani, ranka ya daɗe" da "Allah ya ƙara girma" su jeru har ƙasa. Wanda ya hango matsala a shirin ba zai faɗa a nan ba. Za a buɗe wani guruf a WhatsApp wanda babu oga, a can za a yi maganar gaske, a can kuma za a riƙa tura hotunan takardun ofis. Yoyon da aka kashe kuɗin lasisi don a toshe ya dawo ta bayan gida. Ranar da manajan ya tafi ko aka yi wa kamfani garambawul kuwa, mutanen za su watse zuwa sababbin zauruka, hirar shekaru da fayilolinta su zauna a wanda babu kowa a ciki.

A ganina wannan tsari ya dace da sanarwa, jadawalin hutu da kiran taron sashe, inda tambayar ita ce wa ke ƙarƙashin wa. Bai dace a ɗaura masa makullin fayiloli masu sirri ba. Wannan izini ya kamata ya bi ta hannun mutum mai suna wanda za a iya tambaya. Masu shirin kunna shi a ma'aikatunsu su fara da zama da sashen kula da ma'aikata, a bi gurbin manaja ɗaya bayan ɗaya a gyara, a sa wanda zai riƙa sabunta shi a ranar da aka yi canji ba ƙarshen wata ba. Sannan a bar wa ma'aikata damar buɗe zaurukan ayyukansu da kansu a cikin manhajar ofis, ko da babu manaja a ciki.